KUNCIN HAGU NA BABA NASIDI

Shafi na 23

Masu bi na har ta waya suna cewa na bar bawan Allah a tsugune ƙafarsa ta yi tsami, ku yi haƙuri, caji ne ya gagare ni. Ga shi nan inda muka bar shi, ko motsi bai yi ba.

*

Fa'izu dai yana tsugune a zauren Baba Nasidi da ke Bakura, kai a sunkuye, ya ƙura wa tabarma ido. Tun daga Talata Mafara yake harhaɗa kalmomin ban haƙuri a bayan mashin ɗin kawunsa Murtala, amma da suka yi sallama ya ga takalman dattawa jere a bakin ƙofa, sai duk suka watse masa. Abu ɗaya ya rage a kansa: tsohon nan shi ne kakan Hidaya, shi ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinta, kuma bakinsa ne zai ba da ita ko ya hana. Saura ƙiris a sa rana wannan masifa ta kunno kai.

Masifar kuwa da hannunsa ya gina ta, ƙwaya bisa ƙwaya. Tun da ya gama karatun kwamfuta yake zaune a shagon gyaran waya yana ƙera wani gem da ya raɗa wa suna Gadin Shinkafa. Komai na cikinsa da 'yan ƙananan dunƙule masu kusurwa huɗu aka jera shi kamar ginin bulo, daga rumbu da jaki da bishiyar kuka har ruwan fadama, babu lanƙwasa ko ɗaya. Da gangan ya yi haka. Salon yana tuna masa gem ɗin da suka taso suna bugawa a gidan kallo, masu ƙarar tit-tit da launi ƙwaya uku, ga shi ko wayar da ta sha duniya tana iya ɗauka. Mutanen Mafara ba su tsaya jin wannan dogon bayani ba. Suka duba suka ce ai awara ce aka yayyanka aka jera, shi ke nan suna ya bi shi, gem ɗin awara.

Da a nan ya tsaya, da lafiya lau. Sai neman fada wurin surukai ya ɗebe shi, ya ce bari ya karrama Baba Nasidi ya mai da shi jarumin gem ɗin: tsoho da malfa da sanda, yana korar tsuntsaye da awaki daga gonar shinkafa. Gem ya bi wayoyi daga Mafara zuwa Ruwan Gizo, ya leƙa Dakko, ya faɗa kasuwar Maradun, can ya iske Alhaji Ɗantani.

Shi Alhaji Ɗantani Bagobiri ne, dillalin hatsi, abokin Baba Nasidi tun suna samari, irin abokin da ba a taɓa rabuwa da shi sai an yi cacar baki. Baba Nasidi kuwa Bazamfare ne gaba da baya, kuma ba ya bari a manta. Har gobe bai yafe wa Gobirawa cin Birnin Zamfara da suka yi tun zamanin kakannin kakanni ba. Ko goro Ɗantani ya miƙa masa, sai ya karɓa ya ce cikin kayan da suka kwashe ne ake biya a hankali. Yau ga Ɗantani zaune a kusurwar zaure, waya a kan cinya, yana murmushin wanda ya tsinci dami a kala.

An daɗe ana gaisuwa. Aka tambayi gida, aka tambayi gajiya, aka tambayi ruwa da shuka, aka koma aka sake tambayar gida. Kawu Murtala ya gyara murya ya yi ta jawo Larabci a kan falalar haƙuri, ya ce yaro ne, kuma ɗan yau ne, kuma ko shi da ke kawunsa bai taɓa gane abin da yake dannawa ba. Baba Nasidi ya bari sai da ya gaji don kansa.

"Kai yaro," in ji shi. Bai taɓa kiran sunan Fa'izu ba, kullum kai yaro ne, ko ɗan Mafara. "Ka san mi kay yi?"

"Na sani, Baba. Kan na. Na yi shi da kusurwa huɗu."

"Kai na Allah na. Wani ƙwarya, wani tulu, wani bulo. Ba shi na ba."

Fa'izu ya sake lalube.

"To hancin, Baba. Dunƙule guda nis sa."

"Ya hi nawa tsawo. Na gode."

"Ƙahwahun ba su da gwiwa."

"Tawa gwiwar ma ba aiki takai ba. Ba ka yi ƙarya ba."

Wani dattijo ya yi tari don ya ɓoye dariya. Fa'izu ya ji zufa tana gangaro masa ta ƙeya. Duk laifin da ya kwana yana shirya wa ban haƙuri an yafe masa shi nan take, kuma babu abin da ya fi wannan ban tsoro.

Baba Nasidi ya tambaye shi ko gaskiya ne da gangan ya yi hoton haka, alhali wayoyin yanzu har kurajen fuska suna nunawa. Fa'izu ya ɗan samu bakin magana. Ya ce ai salo ne, a duniya yanzu abin da ake yayi ke nan, mutane sun gaji da hoto mai sheƙi sun koma marmarin irin na da, wanda ido ke ganin kaɗan zuciya ta cike sauran. Ya ce kowane dunƙule sai an zaɓa masa wuri da launi, don ba su da yawa, ba a barin ko ɗaya a banza.

"Wato an kai ka makaranta an koya maka gyara," in ji tsohon, "kai kuma kaz zaɓi ɓatawa."

Kawu Murtala ya gyaɗa kai tun ƙarfinsa, ya manta ɓangaren da ya zo karewa.

"Amma na riƙe magana guda. Ka ce ba ka aza ko guda a banza. Ɗantani, gwada mai."

Dama abin da Alhaji Ɗantani ke jira ke nan. Ya taso da sauri kamar ba shi ke kukan ciwon baya ba, ya ajiye wayar a tabarma daidai inda idon Fa'izu yake, ya sa yatsu biyu ya buɗe fuskar tsohon cikin gem har ta cika gilashi. Ga malfa, ga farin gemu, ga tsagar gado a kumatu, kowace tsaga layi guda na baƙaƙen dunƙule. Fa'izu ya san wurin nan sarai. Shi ya fi ba shi wahala a duk aikin, sai da ya ƙara wa kan girma har ya kusa fin gangar jiki don kawai tsagar ta samu wurin zama.

Ɗantani ya bi su da farce yana ƙirgawa a fili, yana jan kowace lamba kamar mai gwanjo. Dama shida. Hagu bakwai.

"Shidda da bakwai," ya ce, ya juya ya miƙa wa abokinsa hannu. "Askar Gobir ke nan ko makaho ya shahwa. Nasidi, barka da zuwa gida."

Baba Nasidi ya buge hannun.

Sai a lokacin Fa'izu ya gane ramin da ya faɗa. Shi ɗan zamani ne, fuskarsa sumul, bai san tsaga tana da lissafi ba, bai san layi guda yana iya ɗauke mutum daga wannan ƙasa ya dire shi a waccan ba. Kuma ku yi masa adalci: ina zai san abin da ke kuncin Baba Nasidi? Wanda ke neman aure a gida ba ya ɗaga ido ya kalli babban gidan. Tun da ya fara zuwa Bakura, abin da ya sani na tsohon nan daga gwiwa ne zuwa ƙasa. Da babban yatsan ƙafarsa aka ce ya zana, da ya fitar da shi har da tsagewar farce. Da ya zo kan fuska sai ya kira Hidaya a waya ya tambaye ta, ita kuma ta ba shi amsa ko tunani ba ta yi ba, ta ce tun tana ƙarama take hawa cinyar kakanta tana ja masa saje tana ƙirgawa. Ita ma ba ta san ma'anar abin ba.

Baba Nasidi ya shiga zayyano abin da ya gani tun ranar kasuwar Maradun. Mai shayin bakin tasha ya tambaye shi yaushe zai leƙa dangi a Sabon Birnin Gobir. Masu ɗinkin buhu sun tashi tsaye sun yi masa kirarin Gobirawa. Har a masallaci wani ya matsa masa wuri ya ce baƙo shi ke gaba. Duk da dattawa na danne dariya, Fa'izu ya ji tausayinsa ya kama shi, don ya ga abin ya ci tsohon ƙwarai.

"Tsagag gidanmu shidda ta dama, shidda ta hagu, tun kaka da kakanni. Wa yag gaya maka bakwai?"

Sunan Hidaya ya zo har bakin Fa'izu, ya mai da shi.

"Ba kowa, Baba. Kaina yab ba ni."

"Kanka mai kusurwa nawa?"

Fa'izu ya ce abin mai sauƙi ne, yanzun nan zai iya goge layi ɗaya ya sake sakin gem ɗin, kafin magariba an daidaita kumatu. Bai faɗi cewa wanda ya riga ya shiga wayoyin mutane ba ya kiranyuwa ba, ya bar wa gobe wannan.

Alhaji Ɗantani ya ce sam bai yarda ba, ba a goge gaskiya da yatsa. Ya ce shekara da shekaru yana faɗa cewa zubin tsagar nan irin nasu ne, ana ce masa neman magana yake. Ya ce ko dattawan nan su faɗi tsakaninsu da Allah, wa ya taɓa ganin Nasidi ba saje? Tun gemu bai gama fito masa ba yake tara gashi a gefen kunne kamar mai ɓoye kaza. In yana da gaskiya, ya bari a ƙirga.

Malam Jafaru, limamin unguwa, ya fara cewa a bar wasan haka, amma ina, an riga an taka wa maciji wutsiya.

"A ƙirga," in ji Baba Nasidi. "Amma ba kai ba, hannun Bagobiri ba ya taɓa huskata. Shi da yay yi aikin, shi za shi ƙirga. Ku shaida, na rantse da Wanda raina ke hannunai: in yat tarad da bakwai, na ba shi Hidaya, Juma'a mai zuwa a ɗaura. In shidda ta, shi da ƙohwar gidan ga har abada. In ko ba ya iya ɗaga ido shi dube ni, magana ta mutu, shi tashi shi ba ni wuri."

Ya faɗi ta ƙarshen ne a natse, har da gyara zama, kamar wanda ya san inda ya kafa tarkonsa. Kowa a zauren ya san kunyar Fa'izu. Yaron da in ya hango tsohon a hanya yake sauka daga mashin ya tura shi da hannu.

Kawu Murtala ya sa hannu ta bayan riga ya mintsine shi a cinya.

"Tashi, don ubanka," ya ce a hankali, cikin ladabi.

Fa'izu ya ja gwiwa ya matsa. Wallahi da a ce masa ya shiga rijiya da ka ya fi masa sauƙi. Ya fara daga inda ya sani, yatsun ƙafa, ya hau gwiwa, ya wuce carbi, ya bi aikin wuyan riga, ya tsaya a gemu ya huta. Hidaya ta faɗo masa a rai, da yadda take dariya in ya ce mata zai gina mata gida ba kusurwa ko ɗaya don ya huce haushin gem. Ya runtse ido, ya buɗe, ya ɗaga kai.

Ashe ƙaramar fuska ce. Duk tsawon lokacin nan yana tsammanin wani ƙaton abu ne a saman muryar nan, sai ga ɗan tsoho mai ƙananan idanu, kumatu sun zurma, tsagar ta nutse cikin tamoji sai an lura. Idanun kuwa ba fushi a cikinsu. Mamaki ne, da wani abu mai kama da tsoro.

"Ahuwa, Baba," ya ce, ya ɗaga yatsa ba tare da ya taɓa ba.

Ya ƙirga dama a fili, dattawa na amsawa kamar masu bin karatu. Shida cif. Ya koma hagu. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ya kai ta shida, daga nan sai farin saje, cunkus har kunne. Ya sauke hannu.

"Buɗa dajin," in ji Alhaji Ɗantani daga baya. "Can ɓarawon yake."

Fa'izu ya sake neman ahuwa. Ya matsa har yana jin ƙamshin goro da turaren tsohon, bayansa ya kare wa sauran gani, ya sa yatsu biyu ya raba gashin.

Tana nan. Gajeriya, siririya, kwance a gindin kunne.

Daɗin da ya taso masa sai da ya ji jiri. Hidaya ta zama tasa, da rantsuwa, gaban shaidu, gaban liman. Bai yi ƙarya ba, bai yi kuskure ba, ko dunƙule guda bai ajiye a banza ba. Har ya ja numfashi zai faɗa, sai ya ji an riƙe masa gefen riga. Hannun Baba Nasidi ne.

Leɓen tsohon ya motsa, muryar ba ta wuce kunnen Fa'izu ba.

"Uwata 'yar Gobir ta. Gidansu tat tahi haihuwar fari, wanzaminsu yaƙ ƙara guda. Ubana bai taɓa hwaɗi ba, ni ma haka." Ya ƙara damƙe rigar. "Na ɗauka ba ka iya dubana. Ruhe mani asiri, ɗana."

Ɗana. Fa'izu ya tsaya da gashin a tsakanin yatsunsa. Ya san abin da kalma ɗaya za ta yi. Kafin isha labari ya gama Bakura, gobe ya kai Maradun, kuma mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana bugun ƙirji da Zamfara ba zai sake zama a bakin kasuwa ba sai an nuna shi da baki. Tsoho ne, ba shi da sauran lokacin da zai jira a manta. Ya kuma san abin da ɗaya kalmar za ta yi, wannan kuwa shi Fa'izu kaɗai za ta kashe.

"To, ɗan Mafara," in ji Malam Jafaru. "Nawa kas samu?"

Fa'izu ya saki gashin, ya shafa shi ya kwanta yadda yake. Ya mai da kansa ƙasa.

"Shidda ta."

Alhaji Ɗantani ya ja tsaki ya ce yaron bai iya lissafi ba, a ba shi tabarau. Kawu Murtala ya dafe kai da hannu biyu. Dattawa suka hau yi wa Baba Nasidi barka, wani har da cewa dama shi bai taɓa shakka ba. Shi kuwa gogan ko murmushi bai yi ba. Ya dubi ƙeyar yaron da ke gabansa, ya dubi liman, kamar mai neman a ba shi hanya. Babu hanya. Da bakinsa ya rantse, kuma kowa ya ji.

Malam Jafaru ya yi gyaran murya ya ce ba a so haka ba, amma magana ta ƙare, Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Aka shafa.

Fa'izu ya miƙe, ƙafafun sun yi tsami har yana tangaɗi. Bai ga takalminsa sosai ba saboda abin da ya cika masa ido, ya zura ƙafa a na wani dattijo ya cire. Yana laluben nasa ne aka turo ƙyauren da ke shiga cikin gida.

Hidaya ce, lulluɓe da mayafi, ido jawur. Ba ta dubi kowa ba sai kakanta. Jika ce, ita kaɗai duk gidan ke da lasisin kallonsa ido cikin ido.

"Ƙarya shike yi, Kaka, kuma kai ma ka sani."

"Ke, koma ciki," in ji Baba Nasidi, amma muryar ba ta fita da ƙarfi ba.

"Ba ni komawa. Shi kunya ta hana shi, ni ba surukarka ba ce. Tun da nij ji ka rantse na aika."

"Kin aika ina?"

Ba ta kai ga ba shi amsa ba aka yi sallama a ƙofar waje. Bawa wanzami ne, zabira a kafaɗa, yana goge aska a tafin hannu, yana haki alamar da sauri ya zo.

"Salamu alaikum. An ce akwai sajen da za a sauke. Na wa na?"